Hannun Rigar da Yaya Habu Ya Yanka

Ku ukun nan kun daɗe kuna riƙe da labari guda a kan kawunku Habu, kuma labarin ba daidai ba ne. Kun ɗauka mahaifinku ne ya rufe masa ƙofa a shekarar da aka rushe mana gida a Nakkasa. Na sha jin Faisal yana faɗa wa matarsa haka, ina zaune ina tsintar shinkafa, ban ɗago kai ba, domin ƙaryar ta fi min sauƙin ɗauka. Yanzu mahaifinku ya kwanta dama, ba ya nan balle ya wanke kansa, ni kuma jikina ya fara gaya min cewa in ina da magana in yi ta. Ba zan ce muku na gane abin da ya same ni a shekarar ba. Har yau kaina a ɗaure yake. Zan dai jera muku shi yadda ya zo, ku da kuka yi karatu sai ku gane min.

Ina da shekara biyar Inna ta shigo da mu Makka, ni a goye rabin hanya, Yaya Habu yana ɗan saurayi riƙe da ƙullin kayanmu. Hajji ta zo yi, ta yi, sai ta ce ba ta ga abin da za ta koma yi a Kano ba. Ta kama ɗaki a Nakkasa, can ƙololuwar dutse inda mai ruwa ma sai ya huta sau biyu kafin ya kai, tana soya ƙosai da safe, tana dama fura da rana. Ban cika goma ba ta rasu. Daga ranar Yaya ne ya zama min komai. Shi ke yi min kitso, shi ke ɗinka min kayan Sallah, shi ya zaunar da ni ya yi min bayanin da uwa ke yi wa 'yarta in ta fara girma, yana yi yana kallon bango don kada in ji kunya. Ba zan yi muku kwana-kwana ba, Yaya ɗan daudu ne. A waje farin tob, doguwar rigar nan ta Larabawa, yake sawa kamar kowane namiji, ya tsaya a sahu ya yi sallarsa. A cikin gida sai ya ɗaura zani a ƙirji, ya rambaɗa kwalli, in yana magana hannunsa ya riga bakinsa isowa. Bikin Takari a unguwarmu ba ya ƙayatarwa sai shi ya ɗora tukunya, kuma sai shi ya ɗaura wa amarya ɗankwali. A lokacin ban ga komai a ciki ba, kamar yadda mutum ba ya jin ƙamshin ɗakin da ya tashi a ciki.

Shi ya koya min ɗinki, kuma doka ɗaya ya kafa min wadda ban taɓa karyawa ba. Idan mace ta kawo hoton riga ta ce irinta take so, sai ya ture hoton da bayan yatsa.

"Hoto maƙaryaci ne, Rabi," in ji shi. "Kada ki kuskura ki sa almakashi a yadin mutane saboda hoto. Sai kin ga rigar tana tafiya."

Sai a je a aro rigar daga mai ita, ko a roƙi mai ita ta zo, ta sa, ta taka daga bakin ƙofa zuwa bango ta dawo, mu biyu muna tsugune muna kallon yadda gindin rigar ke bin ƙafa, da inda take tattarewa in an juya. Mata sun sha yin fushi su tafi. Amma rigar da ta fito daga hannunmu ba ta taɓa dawowa gyara ba.

Da na auri mahaifinku, Malam Idi, na samu igama, wato takardar izinin zama, ta dalilinsa, domin danginsa tun zamanin kakansa suka shigo ta Sudan, takardunsu tsaf. Yaya bai taɓa samu ba. Muka zauna a ƙasan dutsen, shi yana sama, tsakaninmu matakala ce kawai mai tsawo. Abin da mahaifinku ya taɓa faɗa a kansa, sau ɗaya ne, lokacin da yaran makaranta suka fara tsokanar Faisal suna kwaikwayon tafiyar kawunsa.

"Rabi, ban hana ki zumunci ba," ya ce. "Ki hau ki gaishe shi duk sanda kika so. Yaran dai ki bar su a ƙasa."

Iyakar maganarsa ke nan. Ni ce na ja ta har ta yi tsawo. Daga hawa duk Juma'a na koma daga Sallah sai Sallah, daga nan na koma aika gaisuwa ta bakin masu hawa, daga nan shiru. Ɗinkina ya karɓu, matan manya suna aiko mota a ɗauke ni in gwada su, ni kuwa ba na so a ce ga ƙanwar wane. Shekara goma sha ɗaya ban taka matakalar nan ba, alhali in na ɗaga kai daga wurin shanya ina hango ƙofarsa.

A shekarar da nake ba ku labari abu biyu suka haɗu a wata guda. Na farko, muka wayi gari an shafa wa bangonmu jan fenti, an rubuta izala, wato za a rushe. Mahaifinku ya yi ta zirga-zirga har ya samo mana shigga, wato gidan haya a bene, a unguwar Utaibiyya, ɗaki uku da ɗan sito kusa da kicin. Na biyu, Hajiya Ladi, wadda na daɗe ina yi wa ɗinki, ta zo da 'yarta da za a aurar, suka miƙo min jawwal, wato wayar hannu, da hoton wata riga. Wata doguwar baƙar mata ce a ciki, ta ɗaga hannu ɗaya sama, hannun rigar ya baje tun daga wuyan hannunta har ƙugu kamar fiffike, launin ruwan zuma, yana sheƙi. Na shekara talatin ina ɗinki ban taɓa ganin irinsa ba. Yarinyar ta ce a wata waya ta gani, ba ta san ko wace ce ba, ita dai shi take so ranar walima. Na karɓi yadin, na ce su ba ni kwanaki. Da suka fita na kira Asma'u, wadda a lokacin take jami'a kuma babu abin da ba ta iya tonowa a waya, na ce ta nemo min matar nan tana tafiya.

Kwana biyu ta dawo. Bayan azahar ne, mahaifinku yana ƙailula a ɗaki, ni ina gindin keke. Ta tsaya a kaina tana juya wayar a hannu.

"Ummi, na samo miki. Bas, sai dai akwai mushkila."

"Wace irin mushkila kuma?"

"Fim ne, amma ba na wasa ba. Irin wanda ake bin mutane da kyamara ana ɗaukar rayuwarsu ta gaske. A Amurka."

"To ni ina ruwana da rayuwarsu? Hannun riga nake nema. Kashe sautin, babanki na barci."

Haka aka yi na kalli fim ɗin nan ba murya, ba kiɗa, sai hoto tsura, Asma'u tana karanto min ɗan rubutun Larabcin da ke ƙasa in ta ga dama. Wani babban ɗaki ne cike da mutane, yawancinsu baƙaƙe irinmu, wasu sun hau kujeru suna buga ƙafa. An bar fili a tsakiya kamar layin da amarya ke bi. Sai ga matar ta fito. Ta taka, ta taka, hannayenta a ƙasa, rigar shiru kamar ba komai. Tana isa gaban wasu mutane da ke zaune a bayan tebur sai ta ɗaga hannu biyu gaba ɗaya, hannun rigar ya buɗe fal, ta sauke, ya rufe kansa ya kwanta ba tare da ta taɓa shi ba. Na mance da Malam na barci, na ce kai! Mutanen teburin suka ɗaga kwalaye masu lamba. Na ce Asma'u ta mayar baya. Sau biyar muna mayarwa ban gano sirrin ba. Na ce ta bar shi ya ci gaba, ko za a nuna rigar ta baya.

An nuna ta kuwa, amma a rataye a jikin ƙofar banɗaki. A gabanta wani ƙato ne da singileti yana aske gemu a madubi.

"Wannan mijinta ne?" na tambaya.

"La, ya Ummi." Asma'u ta sunkuyar da kai. "Ita ce. Ya'ani, shi ne. Dukkansu maza ne, ko yawancinsu. Gasa suke yi."

Na yi a'uziyya na kifa wayar a kan keke. Na zauna. Na tuna ban ga yadda aka haɗa hannun da kafaɗa ba. Na sake a'uziyya na buɗe wayar.

Kwana uku ina kallon fim ɗin nan a ɓoye tsakanin azahar da la'asar, ina gaya wa kaina aiki nake yi. Wanda ya ɗauki hoton, ko wane ne shi, idon tela gare shi. Kowa na kallon fuska, shi sai ya zagaya baya ya nuna maka fil guda shida da suka riƙe rigar da ta yi wa mai ita yawa. Sai ya sauka ƙasa ya tsaya a kan takalmi mai tsini wanda aka naɗe dunduniyarsa da salatif aka shafa masa baƙin fenti. Wani wuri sai ya rage gudun hoton, ka ga mutum yana zana wa fuskarsa murabba'i da tafin hannu a hankali, gumi yana gangarowa ta cikin hoda yana barin hanya. Ka ga wani ya yanke jiki ya faɗi ta baya, ƙafa ɗaya a lanƙwashe, na dafe ƙirji na ce ya karye, ashe rawar ke nan. A cikin ɗakin gasar hasken ja ne da ruwan gwal, kowa fatarsa na ƙyalli, kowa kamar ɗan sarauta. Da an fita waje kuma sai launin ya koma kamar ruwan wanke-wanke. Na rasa wanne mai hoton yake so in gaskata, na cikin ɗaki ko na waje. Na rasa ko so yake in yi musu tafi, ko in tausaya musu, ko in ji tsoronsu. Ni kuwa duka ukun nake ji a lokaci guda, ga kuma istigfari a bakina ba ya tsayawa.

Wuri biyu ne suka hana ni sakat. Na farko wani kicin ne ƙarami. Wani dattijo mai tumbi, da ɗankwali a ka, yana tuƙa shinkafa a tukunyar da ta fi ƙarfin murhun, samari sun yi layi da faranti, a gefen tebur ga gashin ido na kanti an ajiye a kan murfin kofi. Ya ɗebo miya da ludayi, ya ɗiga a bayan hannunsa, ya lasa, ya lumshe ido, ya kai wa wani yaro dukan wasa da ludayin don ya sa hannu a nama. Asma'u ta ce wai uwa suke kiransa, wai duk waɗanda iyayensu suka kora shi ke tara su. Ita ba ta san kawunta ba sai daga nesa. Amma haka Yaya ke ɗanɗana miya, a bayan hannu, da lumshe idon da komai, kuma ɗakinsa bai taɓa rabuwa da wani korarre da ke kwana a bakin ƙofa ba. Na biyun kuma mai rigar ne da safe a cikin bas. Ya wanke fuska, ya sa wando da riga irin na masu gadi, ya ɗora jakar leda a cinya ya rungume ta da hannu biyu. Bakin rigar ruwan zuman ya ɗan leƙo daga ledar. A bayan kunnensa akwai sauran ƙyalƙyali da sabulu bai cire ba, wata mata da ke kujerar baya ta ƙura wa wurin ido. Mai hoton ya daɗe a kan idon matar nan, ya daɗe har na ji na tsargu.

A ranar ta uku, muna cin abinci bayan magariba, mahaifinku ya ajiye cokali.

"Na hau sama ɗazu karɓar saƙo," ya ce. "Har gidan yayanki an shafa ja. Ina zai je?"

"Yana da mutanensa," na ce.

"Mutanensa duk irinsa ne, ba mai takarda. Kuma ya tsufa, Rabi, na ga yadda yake dafa bango. Siton can na Utaibiyya zai ɗauki katifa."

"Ka san hukuma ta hana ajiye mara igama."

"Na sani." Ya dube ni. "Shi ya raine ki. Ki yi tunani. In kin ce e, ni ba zan ce a'a ba."

Ku sake karanta wannan wurin, ku ukun, musamman kai Faisal. Abin da ubanku ya faɗa ke nan, ban ƙara ba ban rage ba.

Washegari da hantsi na naɗe yadin Hajiya Ladi, na ari wayar Asma'u, na kama matakala. Ina hawa ina shirya magana: Yaya, ka tattara kayanka, Malam ya ce ka zo. Kalma nawa ce? Rabin gidajen hanya an riga an cire musu ƙofofi da tagogi, kuliyoyi na shiga suna fita. Na tsaya na huta sau uku. Da na ƙwanƙwasa sai na ji takunsa a hankali, ya buɗe. Zani ne a ƙirjinsa, shuɗi, ya koɗe. Gashin ƙirjin ya yi fari. Kwallin ya zauna a cikin tamojin idonsa. Kuma a nan ne abin da har yau ban gane ba ya faru. Mutumin nan da na buɗe ido na gani tun ina goye, a karo na farko sai na gan shi kamar a cikin waya, an yi masa iyaka ta gefe huɗu. Na ga zanin, na ga kwallin, na ga karyewar wuyan hannun a jikin ƙofa. Na gan shi a matakalar benen Utaibiyya, maƙwabtan da ban ma sani ba tukuna suna bin sa da irin idon matar cikin bas. Na ga masu zuwa neman auren Asma'u sun haɗu da shi a bakin kicin.

"Ahayye, yau wace rana!" ya ce, ya tafa hannu. "'Yar Inna ce da kanta? Shigo, shigo, kada rana ta ƙona min ke. Kin yi ƙiba, Malam na ƙoƙari."

Ko kalma ɗaya bai yi min ba a kan shekara goma sha ɗaya. Ya shimfiɗa min darduma, ya ɗora shayi. Kayansa duk a ɗaure suke cikin zannuwa, an jera a jikin bango, sai keken ɗinki da manyan tukwanen biki guda biyu. Na rasa ta inda zan fara, sai na fara da abin da ya fi sauƙi. Na ce wani hannun riga ne ya gagare ni. Ya ce in kawo hoton ya ture. Na ce ba hoto ba ne, tana tafiya. Ya yi dariya har da tari, ya ce ashe ban manta ba.

Na zata zai yi salati, ko ya ji kunya, ko ya yi murna ya ga 'yan'uwansa. Bai yi ko ɗaya ba. Ya sa tabarau, ya riƙe wayar nesa da fuska, ya shiga kallo kamar mai duba aikin almajirinsa na ɗinki.

"Wannan takalmin ba nata ba ne, dubi yadda yatsun suka fito. Wannan kuma ba ta ci abinci ba, ga gwiwar na rawa. Wayyo, wa ya ɗaura miki wannan, Allah ya isa tsakaninki da shi." Da mai rigar ruwan zuma ya ɗaga hannu sai ya ce in mayar. Sau ɗaya kawai. "Ke ma dai, Rabi. A karkace aka yanka yadin, ba a miƙe ba. An zura zaren kamun kifi a bakin, shi ke buɗe shi. Sannan an ɗinke 'yan ƙarafan labule guda uku a ƙasa, su ke jawo shi ya kwanta. Mai wannan aikin ta san hannunta."

Ya ƙi ba ni wayar. Da ya kalli kicin ɗin cikin fim ɗin, na ga ya murza bayan hannunsa. Da aka zo wurin bas ɗin ya ce in tsayar. Ya daɗe yana kallon mutumin da ledarsa.

"Ashe su ma da safe komawa suke yi," ya ce.

Ya cire tabarau ya share shi da bakin zani. Sannan ya baje yadin a ƙasa, ya durƙusa da ƙyar, ya ɗauko almakashinsa mai baƙin hannu. Yana auna yadin da kamu yana magana, bai dube ni ba.

"An shafa mana ja."

"Na gani, Yaya."

"Ku ina kuka samu?"

"Utaibiyya. Shigga ce, ɗaki uku da ɗan sito."

"Da sito," ya ce.

Almakashin ya tsaya a buɗe a bakin yadin. Ga ƙofa ya buɗe min, ba abin da ya rage sai in shiga. Maganar tana kan harshena, wallahi tana kai. Abin da ya fito daga bakina shi ne:

"Ƙarami ne ƙwarai. Ko taga babu."

"Ai sito ba ya son taga," ya ce. Ya sa almakashi ya yanka.

Hannu biyun ya yanka min, ya zura zaren da kansa, ya ɗaura a damtsena ya ce in taka daga ƙofa zuwa bango. Na taka, ni da jikokina a hanya, ina ɗaga hannu ina saukewa, fiffiken na buɗewa yana rufewa, shi yana tsugune yana kallo kamar da. Ya ce ya yi. Ya rako ni bakin matakala, ya ce in riƙa dafa bango. Na sauko ina kuka, kuma ko a lokacin ban san ko kukan tausayinsa nake ba ko na samun sauƙi.

Tun dare bai yi ba mahaifinku ya tambaye ni ko na gaya wa Yaya. Na ce na gaya masa, ya ƙi. Ya girgiza kai ya ce Habu da zuciya. A kan wannan ya rayu, a kansa ya rasu.

A lokacin an ba marasa takarda dama su miƙa kansu a mayar da su gida ba tare da hukunci ba. Kafin mu gama kwashe kaya Yaya ya je ya miƙa kansa. Tukwanen ya bar wa mutanensa, ni kuma ya aiko min da almakashin a naɗe cikin shuɗin zanin. Mutumin da ya bar Kano yana ɗan saurayi ya koma yana dafa bango, ba ya gane ko unguwar da aka haife shi. Sau biyu ya kira ni. Ya ce ya samu ɗaki a bayan shagon wata mai abinci, yana taya ta gyaran miya, ya ce sauro ya yi masa yawa, ya tambayi hannun rigar. Damina ta biyu aka bugo aka ce ya rasu. Shi da yake cewa ba abin da yake roƙo sai a binne shi a garin da Inna take kwance.

Rigar kuwa ta yi abin da aka ɗinka ta domin shi. Ranar walima amarya ta taka a tsakiyar mata, ta ɗaga hannu, ɗakin ya ɗauki guɗa. Hajiya Ladi ta riƙo ni tana nuna ni, tana cewa ga mai hannun zinariya. Na yi murmushi na karɓa. Ban gaya mata daga jikin wa aka kwaikwayo rigar ba, ban gaya mata wa ya yanka ba. A shekarar sai da na ɗinka irinta goma sha, duk da almakashinsa.

Na sha zama ina juya abin. Ba don fim ɗin nan ba da ban hau matakalar ba, wannan na tabbata. Amma kuma ba don shi ba da wataƙila na ga yayana kawai a bakin ƙofa, ban ga zani da kwalli ba. Shi ya kai ni, shi ya kuma ɗaure min baki, ko kuwa ni ce dai nake neman wanda zan ɗora wa. Ban san hukuncin Yaya a wurin Allah ba, ban san na mutanen cikin wayar ba, ba a ba ni wannan ilimin ba. Na tambayi kaina ko tsoron hukuma ne, na san ba shi ba ne, domin rabin benenmu akwai wanda ke ɓoye da wata gwaggo ko wani kawu. Asma'u, ke kin taɓa tambayata me ya sa na hana a goge fim ɗin daga tsohuwar wayarki, na ce saboda ɗinki. Ba na kallon rigar yanzu. Kicin ɗin nake kallo, in tsayar daidai inda dattijon yake lasar bayan hannu.

Siton kun san shi, kun yi shekaru kuna wucewa ta gabansa. Faisal, kai ka jera kayan da ke ciki da hannunka ranar da muka tare, ka tuna ko? Fanka ce mai karyayyen wuya, da akwatuna biyu babu komai a cikinsu. Su suka zauna a ɗakin shekara tara, kuma ko sau ɗaya maƙwabta ba su yi magana a kansu ba.